Likitan da ya ƙi gudu, ya kuma ƙi saurare: allon Benjamin Rush a bakin titin Filadelfiya

A arewa maso gabashin birnin Filadelfiya na Amurka, cikin wata unguwa da a da gonakin yankin Byberry ne, akwai allon ƙarfe shuɗi mai rubutun ruwan zinariya da aka kafa kan sanda a bakin titi. Sunan da ke samansa Benjamin Rush. Abin da ke ƙasa jerin laƙabai ne: likita, mai jin ƙan jama'a, malami, jagora cikin masu kishin ƙasa, ɗaya daga cikin waɗanda suka sa hannu a takardar ayyana 'yancin kan Amurka, mutumin da ake kira uban likitancin taɓin hankali a ƙasar. Layin ƙarshe ya ce gidan da aka haife shi yana tsaye a wurin har 1969. Wato fili kawai allon ke gadi. Gidan dutsen, wanda ya girmi ƙasar Amurka kanta, ya riga ya sha rusau.

Irin wannan allo ba baƙo ba ne a jihar Pensilvaniya. Hukumar tarihi da gidajen adana kayan tarihi ta jihar ta fara kafa masu launin shuɗi da zinariya a 1946, yanzu sun haura 2,500. Jihar Virginia ta riga ta, tun 1927, lokacin da mota ta fara yawa a hannun talakawa kuma gwamnatoci suka gane cewa matafiyi na son abin karantawa idan ya tsaya shan iska. Don matafiyi aka ƙera su, shi ya sa ba sa ɗaukar fiye da 'yan gomomin kalmomi. Babu ƙarya ko ɗaya a allon Rush. Matsalarsa ita ce an gina shi da laƙabi, shi kuwa laƙabi ba ya faɗin abin da mutum ya yi, ranar da ya yi, da wanda abin ya faɗa wa. A rayuwar wannan likita kuwa, nan ne duk maganar take.

Sai an fara gyara wani zato. Idan Bahaushe ya ji an ce zamanin mulkin mallaka, Lugga da razdan da jangali ne ke zo masa a rai. A Amurka ba haka zancen yake ba. Rush Bature ne jikan Turawan Ingila da suka ƙaura suka zauna a ƙasar Indiyawan daji, an haife shi talakan sarkin Ingila, kuma tawayen da ya shiga na 'yan kaka-gida ne da suka gaji da biyan haraji ga majalisar da ba su da wakili a cikinta. Bayin da ke gidajensu da asalin masu ƙasar ba sa cikin lissafin wannan 'yanci. Ko shekarar haihuwarsa ma tana ɗauke da tabon wancan zamani: wasu littattafai su ce 24 ga Disamba 1745, wasu 4 ga Janairu 1746, duk kuwa rana ɗaya ce, domin Ingila da yankunanta ba su koma sabuwar kalanda ba sai 1752.

Yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa. Ya gama kwalejin New Jersey, wadda yanzu ita ce jami'ar Princeton, a 1760 yana ɗan shekara 14. Ya yi kusan shekara shida yana koyon aiki a hannun Likita John Redman, sannan ya haye teku zuwa Edinburgh ya karɓo digirin likitanci a 1768. Shekara guda bayan haka aka naɗa shi farfesan kimiyyar haɗa sinadarai a kwalejin Filadelfiya. A ƙasar da yawancin masu ba da magani ba su taɓa shiga aji ba, mai irin wannan takarda dole a ja shi cikin harkar mulki. Shi ya sa cikin mutum 56 da suka sa hannu a takardar 'yanci ake samun likitoci irinsa: Josiah Bartlett da Matthew Thornton daga New Hampshire, da Lyman Hall daga Georgia. Likita ya san kowane gida, ya iya rubutu, yana da doki. Kayan siyasar zamanin ke nan.

Amma siyasar Rush gajeriya ce, kuma ba ta ƙare da daɗi ba. Ba ya cikin majalisa ranar da aka kaɗa ƙuri'ar ɓallewa daga Ingila a farkon Yulin 1776. Bayan makonni aka zaɓe shi, ya zo ya tarar da aikin gama, ya sa hannu ranar 2 ga Agusta tare da surukinsa Richard Stockton. Ko shekara bai cika a kujerar ba. An ba shi babban muƙami a sashen lafiya na rundunar George Washington, babban kwamandan sojojin tawayen, a 1777, ya ga yadda zazzaɓi da ƙazanta ke kashe sojoji a asibiti fiye da yadda harsashi ke kashe su a fagen daga, ya zargi shugabansa Likita William Shippen da sakaci da cin kuɗin kayan majinyata. A nan yana da gaskiya babba. Sai dai a Janairun 1778 ya rubuta wa gwamnan Virginia, Patrick Henry, wasiƙa marar sa hannu yana sukar shugabancin Washington. Henry ya miƙa wa Washington wasiƙar, shi kuma ya gane rubutun hannun. Kafin nan Rush ya riga ya ajiye aiki, amma tabon bai bar shi ba har ya mutu. Daga baya ya taimaka wajen amincewar Pensilvaniya da kundin tsarin mulki a 1787, ya riƙe ma'ajin gidan buga kuɗi na ƙasa daga 1797 har rasuwarsa a 1813, ya kuma shirya tsofaffin shugabanni biyu, John Adams da Thomas Jefferson, bayan shekaru suna gaba. Ayyuka ne na kirki, amma ba don su ake gardama a kansa ba.

Gardamar tana 1793.

A wannan shekara Filadelfiya ce babban birnin Amurka, mutanenta wajen 50,000. Jiragen ruwa na ta sauke 'yan gudun hijira daga Saint-Domingue, Haiti ta yau, inda bayi suka tayar wa Faransawa. Cikin Agusta mutane suka fara mutuwa a unguwar bakin tashar jiragen ruwa: ido ya yi rawaya, jini ta hanci da dasashi, amai baƙi. Ranar 19 ga wata Rush ya fito ya kira cutar da sunanta, zazzaɓin shawara. Kafin sanyin Nuwamba ya shigo, kimanin mutum 5,000 sun mutu, ɗaya cikin kowane goma. Wajen 20,000 suka tsere, har da Shugaba Washington da yawancin manyan gwamnati, har da likitoci da dama.

Rush ya zauna. Ya riga ya tura matarsa da 'ya'yansa ƙauye, shi kuma ya mayar da gidansa asibiti. Akwai ranakun da yake duba mutum fiye da ɗari. Uku daga cikin yaran da ke koyon aiki a hannunsa suka mutu, 'yar'uwarsa da ke kula da gidan ta mutu, shi kansa cutar ta kayar da shi ya tashi ya ci gaba. Talakan da ba shi da ko sisi bai kore shi ba. Duk wanda ya ga yadda annoba ke wofintar da asibiti daga ma'aikata ya san nauyin wannan zama, kuma babu wani binciken zamani da zai rage masa daraja.

To me yake yi wa waɗanda yake dubawa? Ya yi imani cewa duk zazzaɓi asalinsa ɗaya ne, wato tashin hankalin jijiyoyin jini, kuma maganinsa a rage wa jiki ƙarfi. Hanya biyu ya bi. Ta farko maganin wankin ciki mai tsanani, haɗin kalomel, wanda gishirin zaiba ne, da garin saiwar jalaf, a sha a maimaita har hanji ya wofinta, baki ya cika da miyau. Ta biyu zubar da jini. Kada mai karatu ya ɗauka irin ƙahon wanzami ne da ke tsotso ɗan abin da bai cika cokula ba. Jijiyar hannu ake tsagawa a tara kwano, yau a yi, gobe a sake. Rush ya ɗauka jinin da ke jikin mutum ya kai ninki biyu na abin da ke ciki a gaskiya, kuma ya koyar cewa ana iya zubar da mafi yawansa idan cuta ta yi tsanani. Yanzu an san abin da shawara ke yi: tana lalata hanta, jini ya kasa daskarewa, majinyaci ya riƙa zubar da shi ta ciki. A ɗauki mai wannan hali a ƙara tsaga masa jijiya, a ɗura masa zaiba ga ƙoda da ta riga ta galabaita. Ba sai an yi karatun likita ba kafin a ga inda hakan zai kai.

Abin tambaya shi ne yadda mutum mai hankali irinsa ya riƙa ganin nasara a inda ake asara. Amsar tana cikin halin cutar. Mafi yawan waɗanda shawara ta kama suna yin zazzaɓin kwana uku ko huɗu su warke da kansu. Kaɗan ne ke shiga mataki na biyu mai haɗari, kuma a cikinsu ne ake rasa wajen rabi. Likitan da ke ba kowa magani ɗaya zai ga yawancin majinyatansa sun tashi ko me ya ba su. Ƙari a kan haka, a watannin nan kusan duk zazzaɓin da ya shigo gidan Rush shawara yake kiransa. Wanda ya warke, magani ne ya yi aiki. Wanda ya mutu, an makara kawo shi, ko ba a zubar da isasshen jini ba, ko wani likita ya fara ɓata shi. Da irin wannan lissafi babu gawar da za ta iya ƙaryata shi. Da cutar ta kama shi ya sa aka yi masa abin da yake yi wa mutane, ya rayu, imaninsa ya ƙara ƙarfi.

Masu kare shi sukan ce zamaninsa ne, kowa ma haka yake yi. Rabin wannan magana gaskiya ce. Babu wanda ya san sauro ne ke yaɗa cutar. Sai 1881 Carlos Finlay na Kyuba ya kawo wannan ra'ayi, sai 1900 tawagar likitan sojan Amurka Walter Reed ta tabbatar. Rush ya ɗora laifin kan gurɓatacciyar iska daga wani tarin kofi da ya ruɓe a tashar jirgi. Yawancin abokan aikinsa a ƙungiyar likitocin birnin suka ce a'a, jirage ne suka shigo da ita. Kowanne ya riƙe rabin gaskiya: jirage ne suka kawo ta, gangunan ruwan sama na bayan gidaje ne suka raini sauron da ya yaɗa ta. Har ma Rush ya rubuta a littafinsa cewa sauro ya yi yawa ƙwarai a wannan shekara, ya wuce bai tsaya ba. Wannan jahilci na zamani ne, ba a kama shi da shi.

Ɗaya rabin kuwa ba gaskiya ba ce. Ba kowa ke yin abin da yake yi ba. A asibitin wucin gadi na Bush Hill, wanda attajiri Stephen Girard da wani maƙerin ganguna Peter Helm suka sadaukar da kansu suka gudanar, Likita Jean Devèze, Bafaranshen da ya san cutar tun a Saint-Domingue, yana ba da ruwa, abinci mai sauƙi, tsafta da hutu, zubar da jini kaɗan ne. Likita Edward Stevens ya yi jinyar sakataren kuɗi Alexander Hamilton da matarsa da wankan ruwan sanyi da ɓawon itacen kwinin da giyar inabi, suka warke, Hamilton ya yabe shi a jarida. Waɗannan hanyoyi ba sa kashe ƙwayar cutar, amma suna barin jiki ya yi yaƙinsa. Rush ya gan su, ya ƙi su, ya ɗauki masu sukarsa abokan gaba, har ya fice daga ƙungiyar likitocin a ƙarshen shekarar. Siyasa ta shiga: Hamilton jigo ne a jam'iyyar gwamnati, Rush yana ɓangaren Jefferson, sai magani ma ya zama na jam'iyya. Mutum ya kwanta rai a hannun Allah, dangi na zaɓar masa likita bisa ra'ayin siyasarsu.

Da annobar ta dawo a 1797, wani ɗan jarida Ba'ingile mai kaifin baki, William Cobbett, ya far wa Rush a jaridarsa, daga baya kuma ya bi jerin sunayen matattu na birnin yana nuna cewa mutuwa ta ƙaru ne tun da aka rungumi hanyar Rush. Cobbett ba waliyyi ba ne. Ya tsani Rush saboda siyasa, zaginsa ya fi hujjarsa yawa, lissafinsa kuma ɗanye ne. Amma tambayar da ya yi ita ce daidai: nawa aka yi wa, nawa suka mutu, idan aka kwatanta da waɗanda ba a yi wa ba? Rush bai amsa da alƙaluma ba, kotu ya tafi. Ranar 14 ga Disamba 1799 aka yanke wa Cobbett diyyar dala 5,000 saboda ɓata suna. A wannan rana George Washington ya rasu a gidansa na Mount Vernon, bayan likitocinsa sun zubar masa da jini mai yawa kan ciwon maƙogwaro. Sai a shekarun 1830 wani likita a Faris, Pierre Louis, ya zauna ya ƙirga majinyatan ciwon huhu ɗaya bayan ɗaya, ya nuna zubar da jini ba ya yin abin da ake zato. Kafin nan ɗaliban Rush, waɗanda aka ƙiyasta sun kai 3,000, sun watsu da koyarwarsa kudu da yammacin ƙasar. Ko ayarin masu binciken ƙasa Lewis da Clark da suka ratsa nahiyar daga 1804, da ƙwayoyin zaibarsa suka tafi.

A ganina nan ne hukunci ya tsaya. Ba a tuhumarsa da rashin sanin sauro. Ana tuhumarsa da cewa an nuna masa wata hanya a garinsu, a shekararsa, ya rufe ido saboda ya riga ya tabbata Allah ne ya nuna masa tasa. Kuma wannan tabbaci shi ne ya hana shi gudu. Ba a iya raba jarumtarsa da taurin kansa a ba allo ɗaya a jefar da ɗaya, domin abu guda ne.

Haka zancen yake a kan baƙar fata, inda laƙabin mai jin ƙai ya fi shan wuya. A 1773 Rush ya wallafa ƙasida mai zafi yana la'antar bauta, yana cewa Ɗan Afirka bai gaza Bature a hankali ba, bauta ce ke danne shi. Kaɗan ne cikin manyan zamaninsa suka faɗi haka a fili. Ya yi sakataren ƙungiyar yaƙi da bauta ta Pensilvaniya, daga baya ya shugabance ta. Ya taimaka wa Absalom Jones da Richard Allen, tsofaffin bayi biyu da suka sayi 'yancinsu, wajen tara kuɗin gina cocin baƙar fata. Shi ne kuma mutumin da ya mallaki bawa mai suna William Grubber, ya riƙe shi a gidansa shekaru bayan waccan ƙasida, bai sake shi ba sai 1794.

A tsakiyar annobar 1793 ya karanta wani tsohon rahoto daga birnin Charleston na kudancin ƙasar da ke cewa shawara ba ta kama baƙar fata. Ya gaskata, ya roƙi Jones da Allen su fito da mutanensu. Suka fito. Su ne suka yi jinya a gidajen da dangi suka gudu, su ne suka ɗauki gawawwaki, kuma bisa koyarwar Rush suka tsaga jijiyar ɗaruruwan majinyata. Rahoton kuwa kuskure ne. Wanda ya taso a yankin Afirka ko Karibiyan inda cutar ke yawo, ya taɓa kamuwa yana yaro, shi ne ke da kariya. Launin fata ba ya kare kowa. Baƙar fatar Filadelfiya suka kamu suka mutu kamar kowa, Allen kansa ya kwanta. Sakayyar da suka samu ita ce wani mawallafi, Mathew Carey, wanda shi kansa ya bar garin na ɗan lokaci, ya rubuta a littafinsa cewa wasunsu sun tsawwala kuɗin jinya suna satar kayan matattu. Jones da Allen suka mayar masa da martani a rubuce a 1794, suka jera abin da suka karɓa da abin da suka kashe kan akwatunan gawa da ladan ma'aikata, suka nuna cewa da asara suka fita.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. A wata maƙala da aka buga a 1799, Rush ya yi hasashen cewa baƙin fata wani nau'in kuturta ne da aka gada, kuma wata rana za a samo maganinsa. Abin da ya ja hankalinsa wani mutum ne, Henry Moss, da fatarsa ke yin dabbare-dabbaren fari. Niyyarsa, a nasa tunanin, ta alheri ce: idan cuta ce, to duk ɗan Adam asalinsa ɗaya, kuma majinyaci tausayi ya cancanta ba zalunci ba. Amma a maƙalar ya kammala da cewa bai kamata a yi auratayya da su ba. Mutumin da ya fi yawancin tsararrakinsa son 'yancin Ɗan Afirka bai iya ganin fatarsa a matsayin lafiyayyiya ba.

Laƙabin uban likitancin taɓin hankali ya fi sauran tushe. Ya tarar ana ɗaure masu taɓin hankali a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na asibitin Pensilvaniya, babu ɗumi, mutane na zuwa kallonsu. Ya matsa har aka gina musu sashe na musamman, ya nemi a ba su aikin hannu, a saurare su, ya ce ciwo ne ba la'ana ba. Shaye-shaye ma ya kira shi cuta tun 1784. Littafinsa na 1812 kan cututtukan hankali shi ne na farko irinsa a Amurka, ya rubuta shi ne ɗansa na fari, John, yana kwance a wannan asibiti bayan ya kashe abokinsa a fito-na-fito da bindiga. Sai dai a nan ma jini yake zubarwa, ya kuma ƙera wata kujera da ake ɗaure majinyaci hannu da ƙafa a rufe masa kai da akwati don ya natsu. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ɗauki hotonsa a tambarinta shekaru da dama, ta sauya tambarin a 2015, a 2021 kuma ta nemi gafarar baƙar fata da 'yan asalin ƙasar kan wariyar da sana'ar ta goya wa baya.

To me za a yi da allon? A 'yan shekarun nan Amurkawa sun shiga wannan muhawara gadan-gadan. Hukumar Pensilvaniya ta sake bin allunanta tana dubawa, ta cire wasu, ta sauya rubutun wasu, wasu 'yan majalisar jihar suka ce ana goge tarihi. Su ma masu neman a tumɓuke komai suna nan. Ni ban ga dalilin tumɓuke na Rush ba. Ba don ya zalunci wani aka kafa shi ba, kamar yadda aka kafa wa wasu janarorin da suka yi yaƙi don bauta ta ɗore. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Gyaran kuma ba wai a ƙara laƙabi marar daɗi kusa da masu daɗi ba ne, a ce mai jin ƙai kuma mai bawa. Wannan ma jeri ne, mai wucewa zai ɗauki wanda ya dace da ra'ayinsa ya bar sauran. Abin da ya fi shi ne a rage laƙabi a sa aiki da shekara. A ce ya sa hannu a takardar 'yanci a 1776. A ce a annobar 1793 ya zauna yana jinyar dubbai, hanyarsa ta zubar da jini ta jawo gardama tun a lokacin, daga baya aka yi watsi da ita. A ce ya yaƙi bauta alhali ya riƙe bawa har 1794. Wannan bai fi rubutun yanzu tsawo da yawa ba, kuma kowace jimla ana iya bin ta a tabbatar ko a ƙaryata. Laƙabi ra'ayin masu kafa allo ne. Shekara da aiki na mai allon ne.

Za a ce wannan ya saɓa wa manufar allo, wanda don girmamawa aka yi shi, ba don shari'a ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, musamman idan aka duba yadda ake samar da su. Ba hukuma ce ke zagaye tana neman wanda ya cancanta ba. Jama'a ne ke kawo suna, ƙungiyar tarihi ta unguwa ko makaranta ko coci ko zuriya, masana su tantance, shekaru da dama kuma masu neman ne suka riƙa nemo kuɗin ƙera shi. Wanda ya sha wahalar cika takardu da tara kuɗi don ɗan unguwarsu ba zai so a rubuta laifinsa da ruwan zinariya ba. Shi ya sa alluna suka fi yawa inda ake da ƙungiya da kuɗi da lokaci, kuma suka daɗe suna maganar janarori da gidajen manya kafin a waiwayi wasu. Cocin Mother Bethel da Richard Allen ya kafa a 1794 tana da nata allon a tsakiyar birnin, tafiyar mil da yawa daga Byberry. Mai mota da ya karanta na Rush ba zai san akwai alaƙa tsakaninsu ba, wanda ya karanta na cocin ma haka, alhali mutanen biyu sun yi watanni uku suna shiga gidaje ɗaya, ɗaya na ba da umarni, ɗaya na riƙe kwanon jini.

Cutar da ta haɗa su kuwa daga Afirka ta ƙetara, ita da sauronta, a jiragen cinikin bayi, kuma daga Afirka ta Yamma aka samo makamin da ya karya ta. A 1927 masu binciken gidauniyar Rockefeller, waɗanda cibiyarsu ke Yaba a Legas, suka ɗebi jinin wani ɗan ƙasar Gana mai suna Asibi da ke fama da zazzaɓin. Ƙwayar cutar da aka ware daga jininsa ita Max Theiler ya yi ta raunanawa har ta zama allurar rigakafi a 1937, wadda ta sa aka ba shi kyautar Nobel a 1951. Ita ce allurar da ake yi wa jarirai a wata na tara a asibitocinmu, ita ce kuma ke bayan katin nan mai ruwan ɗorawa da ake nema a filin jirgi.